Ofishin lauyoyin da ya riƙe mana shari'ar cizon kare a Bronx, abin da na gani mai daɗi da mara daɗi

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta wannan abu amma sai na ce bari komai ya kammala tukuna, kar in yabi mutane tun ana tsakiyar tafiya daga baya in zo ina cizon yatsa. To yanzu an gama, alƙali ya sa hannu, kuɗin yarinya sun shiga inda ya kamata su shiga, don haka zan faɗi yadda muka yi da ofishin lauyoyin da suka tsaya mana lokacin da kare ya ciji 'yata a nan Bronx, birnin New York. Ba zan kama sunan ofishin ba saboda akwai ƙorafin da zan yi a kansu kuma ba na so ya zama kamar na zo ɓata wa wani sana'a, sannan irinsu suna da yawa, duk wanda yake shiga jirgin ƙasa ko bas a garin nan ya san tallarsu, ga ta nan a manne ko'ina, wai in ba a ci shari'a ba ba ka biya ko sisi. In da maki ake bayarwa zan ba su huɗu cikin biyar, kuma zan faɗi inda ɗayan ya zube.

Abin ya faru ne wajen ƙarshen shekarar 2023, ranar Asabar, yara suna dawowa daga Islamiyya. Ita lokacin shekararta bakwai, tana tare da yayanta mai shekara goma sha ɗaya. Layinmu irin layin nan ne na gidaje masu hawa biyu da ɗan tsakar gida a gaba da shingen ƙarfe gajere, to akwai wani gida da ke da babban kare, kullum in yara za su wuce sai ya taso yana haushi yana dukan shingen da ƙirji, har yaran sun saba suna matsawa bakin titi. Ranar ƙofar shingen a buɗe take, sakatar ta lalace. Yayan ya ce shi dai ya ji ƙarar ƙarfe kawai sai ya ga kare a kan ƙanwarsa, ya kama ta a damtsen hagu ya kayar da ita sannan ya sake kama ta a cinya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu 'yar ƙasar Dominika ce ta fito da sandar goge ƙasa tana ihu tana dukansa har ya saki, Allah ya saka mata da alheri ya shirye ta. Ni ina kan hanya da fasinja maman yara ta kira ni, muryar da na ji ranar ba na fatan in sake jin irinta. Da na isa asibiti abin da na fara gani ɗan hijabinta ne ruwan toka a cikin leda, gefe ɗaya ya yage ya jiƙe da jini, da jakar littattafanta da shatin haƙori a jikin igiyar.

A asibiti sun wanke ciwon sosai da ruwa mai yawa, suka ɗinke na damtsen saboda ya buɗe da yawa, na cinyar kuma suka bar shi a buɗe, likitan ya ce cizon kare ba kowanne ake ɗinkewa ba don kar a rufe ƙwayoyin cuta a ciki. Suka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta suka duba katin rigakafinta na tetanus. Ni kuwa hankalina duk yana kan ciwon haukan kare, don mu da muka taso a gida mun san abin da yake yi, in alamu suka bayyana an gama sai dai addu'a, kuma har yau duk shekara yana kashe mutane wajen 59,000 a duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Likitan ya kwantar min da hankali ya ce a Amurka an kawar da nau'in da karnuka ke yaɗawa tsakaninsu, kuma tunda an san karen an san mai shi, za a sa masa ido kwana 10, in ya wuce kwanakin nan lafiya ƙalau to ba sai an yi mata allurai ba. Dokar birnin ta ce duk cizon dabba sai an kai rahotonsa hukumar lafiya cikin awa 24, ana iya kiran 311, lambar wayar hukumar birni, ko a cike ta intanet. Mun yi, kuma daga baya na gane wannan rahoton shi ne tubalin farko na shari'ar gaba ɗaya, ni dai lokacin don tsoron ciwo na yi.

Kwana biyu bayan nan mai karen ya zo har ƙofar gidanmu, dattijo ne, ya cire hula yana ba da haƙuri, ya miƙo min ambulan ya ce ga ɗan abin magani. Wallahi zuciyata ta karaya, har bakina ya buɗe zan ce ba komai Allah ya kiyaye gaba, don haka aka rene mu, maƙwabci ya zo ya ba ka haƙuri kai kuma ka kai shi kotu ai abin kunya ne, ga shi mu baƙi ne a ƙasar mutane ba ma son abin da zai haɗa mu da hukuma. Maman yara ce daga bayan ƙofa ta ce min da Hausa, Malam kar ka karɓa, ba haƙƙinka ba ne na yarinya ne. Na mayar masa da ambulan ɗinsa cikin mutunci na ce za mu yi magana. Bayan sallar Isha'i na samu limaminmu na ce Allah gafarta Malam ga abin da ya faru, shin in na nemi diyya na yi laifi. Ya ce min sam, malaman Malikiyya tun da can sun yi maganar kare mai cizo, in an gargaɗi mai shi bai ɗau mataki ba to abin da ya ɓata yana wuyansa, ya kuma ƙara da cewa uba waliyyi ne, aikinsa ya tsare maslahar yaro, ba nasa ba ne ya yi kyauta da haƙƙin ƙaramin yaro don jin kunyar mutane. Wannan magana ita ta tsayar da ni.

Yadda na zaɓi ofishin. Tun a harabar asibiti wani mutum ya matso ya ba ni kati ya ce ya san lauya mai zafi, in kira yanzu-yanzu. Ban kira ba kuma na gode Allah, don daga baya na ji cewa a New York haramun ne lauya ya turo ɗan kamasho yana farautar masu rauni, hasali ma ƙa'idarsu ta hana su tuntuɓar wanda ya ji ciwo da neman aiki kafin kwana 30 su cika. Duk wanda ya fara da karya doka tun kafin ka sa hannu me kake tsammani zai yi da kuɗinka. Wani abokin aikina ɗan Gana da suka taɓa yi masa shari'ar haɗarin mota shi ya nuna min waɗannan, ɗana kuma ya shiga shafin kotunan jihar ya rubuta sunan lauyar ya ga rajistarta tana nan daram ba a taɓa dakatar da ita ba. Abin minti biyu ne kuma kyauta ne, don Allah kowa ya yi kafin ya je.

Zaman farko kyauta ne kuma a nan suka fara burge ni. Lauyar da kanta ta zauna da mu kusan awa ɗaya, ba ta fara da maganar kuɗi ba, ta durƙusa daidai tsayin yarinyar ta tambaye ta sunan malamarta da abin da take so ta zama, sai da yarinyar ta saki jiki sannan ta nemi izinin mamanta ta ga ciwon, kuma ta sa mazan ofishin suka fita kafin a buɗe na cinyar ba tare da mun roƙa ba. Wannan abu ƙarami ne amma ya zauna min a rai. Sannan ta yi min bayanin abin da ya sauke min nauyin da nake ɗauke da shi, ta ce yawanci ba aljihun maƙwabcinka za a taɓa ba, kamfanin inshorar gidansa ne zai biya, don inshorar gida tana ɗauke da ɓangaren biyan wanda ya ji ciwo ta dalilin mai gidan, galibi daga dala 100,000 zuwa 300,000, kuma kamfanin ne zai ɗaukar masa lauya. Ashe abin da yake biyan kuɗinsa duk wata kenan. Ta kuma ce tun ban tambaya ba, rashin takardar zama ba ya hana mutum kai ƙarar rauni a New York, in faɗa wa jama'armu. Mu alhamdulillahi muna da takardu amma na san mutane nawa ne suka haɗiye ciwo saboda wannan tsoron.

Ladansu kashi ɗaya cikin uku ne na abin da aka samu, in ba a samu komai ba babu lada. Amma a nan ne nake so mutane su buɗe ido, lada daban kuɗin ɗawainiya daban. Kuɗin ɗawainiya su ne na shigar da ƙara, na karɓo takardun asibiti, na mai rubuta bayanan rantsuwa, na likitan da zai rubuta rahoto, kuma suna taruwa fiye da yadda kake zato. A takardar yarjejeniya akwai zaɓi biyu, ko dai a cire ɗawainiya tukuna sannan su ɗauki kashinsu daga abin da ya rage, amma in an faɗi shari'a ɗawainiyar tana kanka, ko kuma su ɗauki kashinsu daga jimillar kuɗin gaba ɗaya su kuma su ɗauki asarar ɗawainiya in an faɗi. Matashin da ya kawo min takardar ya riga ya nuna min akwatin da zan sa alama da yatsa yana cewa nan da nan da nan, sai da na ce a'a zan tafi da ita gida a karanta min sannan lauyar ta dawo ta warware min bambancin. Ba su hana ni ba, ba su ɓata rai ba, amma da ban tsaya ba da haka zan sa hannu ban san me na zaɓa ba. Wannan shi ne ƙorafina na farko.

Aikin da suka yi a sati biyun farko kuwa gaskiya ba ni da abin cewa sai yabo. Washegari suka turo mutum layinmu ya ɗauki hoton shingen da ƙofar da sakatar da ta lalace kafin a gyara ta, ya bi gida-gida yana duba masu kyamarar ƙofa, ya samu gida ɗaya a tsallake da kyamararsu ta ɗauki abin tun daga fitowar karen har saki. Ya ce irin waɗannan kyamarori suna goge tsohon hoto da kansu bayan ɗan lokaci, da mun yi wata biyu muna shawara da ya tafi. Ni har yau ban iya kallon bidiyon ba, maman yara ta kalla sau ɗaya. Suka ce kar mu wanke hijabin kar mu yar da jakar, mu ɗauki hoton ciwon duk sati a wuri ɗaya da haske ɗaya, kar mu sa komai a Facebook ko WhatsApp, kuma in wani daga kamfanin inshora ya kira yana tambayar jikin yarinya cikin daɗin baki kar mu amsa, mu ba shi lambar ofis. Kun san mu, ko mutum yana kan gadon asibiti aka ce ya jiki sai ya ce da sauƙi alhamdulillahi, to wannan da sauƙin rubuta shi suke yi su ajiye.

Wani abu da suka nace a kai wanda ni da farko na ƙi shi ne kai yarinyar wajen likitan da ke zama da yara yana jin damuwarsu. Ta koma ba ta barci sai da fitila, tana firgita cikin dare tana kiran Abba Abba ga shi nan, in ta ji haushi ko a talabijin ne sai ta ƙanƙame mamanta, ta daina yarda ta je Islamiyya da ƙafa. Ni na ce addu'a za mu yi mata kuma muna yi, lauyar ta ce ku ci gaba da addu'arku amma ku haɗa da wannan, na farko zai taimake ta na biyu kuma abin da ba a rubuta a takardar likita ba a wajen inshora kamar bai faru ba ne. Duka biyun gaskiya ta faɗa. Diyyar ba kuɗin magani ba ce kaɗai, akwai ta raɗaɗi da tsoron da mutum ya sha, akwai ta tabon da zai zauna a jiki, akwai ta aikin gyaran tabo da za a iya yi nan gaba in ta girma, in babban mutum ne kuma akwai ta kwanakin aikin da ya rasa.

To sai aka zo kan dokar kanta, nan ne abin ya yi tsauri. A lokacin, dokar New York ba irin ta maƙwabciyarta New Jersey ba ce, can in karenka ya ciji mutum a kan hanya ko wanda ya shigo gidanka bisa ƙa'ida to ka biya kawai, ko karen bai taɓa yi wa kowa ko gurnani ba. A New York kuwa a lokacin sai ka tabbatar mai karen ya sani ko ya kamata a ce ya sani cewa karensa yana da halin kai hari, kuma tun wani hukunci na 2006 kotu ta rufe ƙofar cewa sakacin mai dabba kaɗai ya isa. Wato ko ƙofa ya bari a buɗe, in ya ce karena bai taɓa nuna mugun hali ba kuma ba ka da shaida, shari'a ta faɗi. Haka kuwa kamfanin inshorar ya rubuto, wai kare ne mai lafiya, wannan ne karon farko. Ranar da aka karanta min wasiƙar nan raina ya ɓaci matuƙa don duk layin an san karen. Lauyar ta ce ba lallai sai ya taɓa cizo ba, gurnani da yage baki da kai cafka da tasowa kan mutane duk shaida ne, amma nau'in karen shi kaɗai ba shaida ba ne, sai an samu mutanen da za su rantse a kan abin da suka gani da idonsu. Nan suka yi aikin da ya halatta musu ladansu. Suka koma layin har sau uku, tsohuwar nan ta ba da bayani cewa ta taɓa yi wa mai karen magana bayan ya yage wa jikanta riga, wani mai kai kaya gida-gida ya ce ya daina shiga gidan sai dai ya ajiye a waje. Sai na tuna maganar liman ta kare da aka gargaɗi mai shi, kusan abu ɗaya ne ake nema.

Yanzu ƙorafi na biyu, kuma shi ne babba. Bayan an shigar da ƙara sai ofishin ya yi tsit. Wata uku, wata huɗu, ba kira ba saƙo, in na kira sai a ce lauya tana kotu za ta neme ka, ba ta nema. Mai kula da fayil ɗinmu an canza shi har sau uku, kowanne sabo sai na sake ba shi labari tun daga farko, har ɗaya ya kira ni yana tambayar yaya jikin ɗana alhali 'ya ce, abin ya yi min ciwo ƙwarai don ya nuna ko buɗe fayil ɗin bai yi ba. Na fahimci shari'a a Bronx tana da jinkiri, kotun cike take, ba laifinsu ba ne, amma saƙon layi biyu duk wata cewa ga inda ake ba zai gagare su ba. Sai da na je da kaina na zauna a ɗakin jira na ce ba zan tashi ba sai na ga lauya, ta fito ta ba ni haƙuri ta ba ni imel ɗinta, daga nan abin ya gyaru. Shawarata duk wanda zai sa hannu ya tambaya tun ranar farko wane ne zan riƙa kira, kuma duk kwana nawa za ku neme ni, a rubuta.

Maganar tafinta ma ta ba mu wahala. Ni ina jin Turanci daidai gwargwado, maman yara kuwa ba sosai ba, ofishin suna da masu Sifaniyanci har uku amma Hausa sai ta waya, wani lokaci a samu wani lokaci a ce babu, har suka so ɗana ya fassara wa mamansa na ce a'a, yaron da ya ga abin da idonsa ba za a sa shi yana maimaita shi ba. Ranar tambayoyin rantsuwa dai sun kawo tafinta na gaske, kuma a cikin kotu kotun ce take bayarwa kyauta, sai dai a sanar da wuri. Sannan akwai takardar tallar masu ba da bashi kafin a gama shari'a da na gani a kan teburin ɗakin jiransu, ka karɓi kuɗi yanzu su cire daga diyyarka da ruwa mai yawa. Ba su tura ni ba, da na tambaya ma lauyar ta ce in guje su, to amma me ya sa takardar take wurin. Riba ce tsagwaronta kuma tana cinye kuɗin mutane.

Ana cikin haka sai ga watan Afrilun 2025. Ranar nan lauyar ce ta kira ni da kanta, muryarta da fara'a, ta ce babbar kotun jihar da ke Albany ta yanke hukunci ranar 17 ga wata a shari'ar Flanders da Goodfellow, wata ma'aikaciyar gidan waya ce kare ya cije ta a kafaɗa ta je kai kaya, kotun ta ce tsohuwar ƙa'idar 2006 ba ta yi adalci ba, daga yanzu wanda dabbar gida ta ji wa ciwo yana da hanya biyu, ko ya nuna mai ita ya san halinta, ko ya nuna ya yi sakaci wajen tsare ta, ko ya haɗa duka. To mu ga bidiyon ƙofa a buɗe, ga hoton sakata a lalace, ga dokar birni da ta ce kare a waje sai da igiya da ba ta wuce ƙafa 6 ba. Cikin kwanaki suka gyara takardun ƙara suka ƙara maganar sakaci, kuma daga nan kamfanin da yake cewa ba zai biya ba ya fara neman a zauna. Wannan shi ne amfanin lauyan da yake bin abin da ke faruwa a fagensa, ni ina tuƙi ina zan ji wannan labari.

Tayin farko da suka yi na so in karɓa don na gaji, lauyar ta ce kuɗin 'yarka ne kuma shawara taka ce amma ni ban ga ya kai ba, ka ba ni wata biyu. Ta kai yarinyar wajen likitan gyaran fata ya auna tabon ya rubuta abin da aikin zai ci nan gaba, kamfanin su ma suka kai ta wajen nasu likitan, ma'aikaciyar ofis ta raka mu ta zauna har aka gama. Tayi na uku muka tsaya. Ba zan faɗi adadin ba don sirrin yarinya ne, amma ga misali don a gane lissafin, a ce an daidaita a kan dala 90,000, ɗawainiya ta ci 6,000, saura 84,000, lauya ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku wato 28,000, saura 56,000, sannan in Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ce ta biya asibiti za ta zo ta karɓi abin da ta kashe daga ciki. Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba su san da shi ba sai ranar rabo. Namu ofishin sun yi ciniki da su har aka rage, kuma sun ba ni takarda da ta jera kowace dala inda ta tafi, na zauna da kalkuleta na bi ta layi-layi ban ga ƙwange ba.

Da yake yarinya ce, ba ni da ikon karɓar kuɗin, lauya ma ba ta da ikon rufe magana, sai alƙali ya amince, har ladan lauyan shi yake tabbatarwa. Muka je babban ginin kotu da ke Grand Concourse kusa da filin wasan Yankee, aka shigar da mu ofishin alƙalin ba zauren shari'a ba. Ya tambaye ta ajinsu nawa, ya ce ko za ta nuna masa hannunta, ta kalli mamanta sannan ta naɗe hannun riga a hankali, ya sa tabarau ya duba tabon ya ce ta ɗaga hannun sama ta juya shi, ya tambaye ni na fahimci cewa in na yarda ba za a sake dawowa neman ƙari ba har abada, na ce na fahimta. Ya ba da umarni a ajiye kuɗin a banki da sunanta, ba mai taɓawa sai ta cika 18 ko da izinin kotu. Wasu 'yan uwa sun ji haushin wannan, ni kuwa daɗi na ji, don rayuwa ce, yau haya gobe a kira daga gida ana neman taimako, da suna hannuna ban san me zai faru ba. Maganar ruwan da banki zai ɗora na koma wajen liman, ya ce a riƙe lissafin asalin kuɗin, ranar da ta karɓa ta fitar da abin da ya hau ta bayar ba da niyyar lada ba.

Wa zan ce ya je irin wannan ofis. Wanda ciwonsa ya kai ɗinki ko ya bar tabo ko ya hana shi aiki, musamman yaro, musamman a fuska. In ƙarzane ne kawai da kuɗin asibiti kaɗan mai yiwuwa ba za su karɓa ba, akwai kotun ƙananan ƙararraki da ke sauraron har dala 10,000 a birnin ba sai da lauya ba. Kuma sun faɗa min gaskiya tun farko cewa in mai kare ɗan haya ne ba shi da inshora ba shi da dukiya, ko an ci shari'a karɓar kuɗin wuya ne, sai dai in mai gidan hayar ya san da karen da halinsa kuma yana da ikon sa a fitar da shi bai yi ba. Wa'adin kai ƙara a New York shekara 3 ne, a New Jersey 2, na yaro ana dakatar da lissafin sai ya kai 18, amma in abin ya shafi hukumar birni, kamar gidajen gwamnati na NYCHA, kwana 90 kacal gare ka ka shigar da sanarwa, kuma da yawan mutanenmu a gidajen nan suke zaune. 'Yan uwa masu kai abinci da kaya da mata masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, ku ne kuka fi shiga hatsarin nan, in a bakin aiki ne ku faɗa wa lauya tun farko don akwai inshorar ma'aikata daban ga wanda yake ma'aikacin kamfani, ban da ƙarar mai kare.

Dattijon har yanzu muna gaisawa, na ga ya ɗaga shingen ya sa kwaɗo a ƙofar. Yarinyar ta koma zuwa Islamiyya da ƙafa, tana barci ba fitila, tabon damtsen ya yi fari ya kwanta amma yana nan kamar tsawon yatsana. In sun zo daidai gidan har yau tsallaka titi take yi, yayanta ya riƙe mata hannu su bi ta ɗaya gefen.